Jan Zoben Ajali: Tarihin Lalacewar Na'urorin Gem da Gyaran Gida

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Nima ko Mamobi ko Sabon Zangon Kumasi a shekarun 2000 ya san gidan gem. Ɗan shago ne ko kwantena a bakin layi, da benci biyu ko uku, da talabijin mai ƙeya, da labule a ƙofa don tare hasken rana. Muna shiga da 'yan canjin da aka ba mu na makaranta, mu bi layi, wanda aka ci ya miƙa fad ga na bayansa. Mai shagon galibi matashi ne da ya tara kuɗi da guminsa, ko kuma wani yayansa da ke Jamus ko Amurka ya aiko masa da na'urar don ya samu abin yi. Mu yara idonmu na kan ƙwallon da ke allo. Shi kuwa idonsa na kan 'yar fitilar da ke gaban na'urar, kunnensa na kan ƙarar fankarta, domin wannan akwati shi ne jarinsa, daga cikinsa ake biyan kuɗin shago, a kai cefane gida.

Wannan fargaba ta mai gidan gem tana da tarihi, kuma tarihin ya faro ne nesa da mu, a Japan da Amurka. Mun ga ya dace mu bi sawunsa, saboda yawancin dabarun gyaran da muka gada a zango daga can suka taso, kuma akwai abu guda da ke maimaita kansa a cikinsu: dabarar takan yi aiki na ɗan lokaci, amma dalilin aikinta dabam ne da abin da mutane suka ɗauka. Rashin sanin dalilin nan ya kashe na'urori masu yawa da ba su kai ga mutuwa ba.

Hura iska a kaset

A ranar 15 ga Yuli 1983 kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar Famicom a Japan. Ba a daɗe ba aka gano tana daskarewa ana cikin wasa saboda wani lahani a ƙwaƙwalwarta, shugaban kamfanin Hiroshi Yamauchi ya ba da umarni a janye na'urorin daga kasuwa a gyara. Da aka kai ta Amurka a 1985 da sunan NES, sai aka sake mata siffa don ta yi kama da bidiyon kaset: a tura kaset ta gaba, a danna shi ƙasa. A ciki akwai haƙoran ƙarfe 72 da ke kama bakin kaset ɗin. Yau da gobe, yawan dannawa ya sa haƙoran suka saki, datti da tsatsa suka hau su. Na'urar tana da wani ɗan mai gadi a ciki da ke tantance ko kaset na asali ne. Idan bai ji kaset ɗin da kyau ba, sai ya riƙa kashe ta yana kunnawa, fitila na ƙyaftawa, allo na walƙiya.

Maganin da yaran duniya suka ƙirƙiro shi ne a zare kaset, a hura masa iska da baki, a mayar. Mu ma mun yi haka da kasusuwan Sega da na kwafin Famicom da ake kawowa daga China, har akwai wanda ake cewa bakinsa ya fi sa'a, shi ake kira ya hura. Sau da yawa gem ɗin yakan tashi, sai a yaba wa iska. Alhali zarewa da mayarwar ne ke goge haƙoran su sake haɗuwa. Danshin numfashi kuwa yana sauka a kan tagulla, yana haifar da tsatsar da za ta ƙara tsananta ciwon nan gaba. Nintendo da kansa ya yi gargaɗi a daina hurawa, kuma a 1993 ya fitar da sabon samfuri da ake sa wa kaset ta sama.

Na'urar da ake kifawa

Sony ya shigo fagen da PlayStation a ranar 3 ga Disamba 1994, da faifai a maimakon kaset. Faifai yana buƙatar ido mai karanta shi, idon kuma yana tafiya a kan wata 'yar hanya. A samfuran farko da roba aka yi abin da ke ɗauke da idon, kuma an ajiye shi kusa da sashen wuta mai zafi. Roba ta riƙa cinyewa, ido ya karkace, hoto ya fara tsalle, sauti na sarƙewa. Sai mutane suka gano cewa idan aka kifa na'urar, cikinta na kallon sama, tana karantawa. Wasu suka ce iska take sha ta ƙasa. Gaskiyar ita ce nauyin idon ne ke komawa ɗaya ɓangaren da bai cinye ba. Daga baya kamfanin ya sa ƙarfe a wurin, ya kuma matsar da idon nesa da zafi.

PlayStation 2, wadda ta fito a Maris 2000 aka kuma sayar da fiye da miliyan 155, ita ce sarauniyar gidajen gem ɗinmu, a kanta muka san Winning Eleven da Pro Evolution Soccer. Nata ciwon shi ne ta ƙi karanta faifai, har masu saye a Amurka suka kai ƙara kotu a kan haka. A nan ma an samu dabara: akwai wani ɗan noti a jikin idon da ake murɗawa da siririyar sukundireba don ƙara masa ƙarfin haske. Idon da ya gaji yakan farfaɗo, amma kamar a ƙara wa tsohuwar fitila lagwani ne, hasken ya ƙaru, man ya ƙare da wuri. Masu gyaranmu da suka ƙware sun bi wata hanyar: suka riƙa zuba wasanni a cikin had dis ko filas, na'ura ta yi aiki ba tare da ta nemi ido ba. Da wannan hikima PlayStation 2 ta ci gaba da ciyar da gidaje a zanguna shekaru bayan an daina ƙera ta a farkon 2013.

Jajayen fitilu uku

Babbar annoba ta zo ne da Xbox 360. Microsoft ya fitar da ita a Amurka ranar 22 ga Nuwamba 2005, shekara guda kafin PlayStation 3, kuma gaggawar riga abokin hamayya shiga kasuwa tana cikin abin da ya jawo masa. A kewayen maɓallin kunnawa akwai zoben haske mai kashi huɗu, kore ne idan lafiya. Idan kashi huɗun suka yi ja, wayar talabijin ce ba a sa daidai ba. Idan biyu ne, zafi ya yi yawa, a bar ta ta huce. Idan uku ne, to an taɓa lafiyar kayan ciki, kuma wannan ne masu wasa suka laƙaba wa suna jan zoben ajali. Mutum zai kashe na'urarsa da dare lafiya lau, da safe ya danna maɓalli ya ga ja uku, allo baƙi ƙirin.

Da farko kamfanin ya ce adadin masu lalacewa bai wuce abin da aka saba gani a kayan lantarki ba. Garantin Amurka a lokacin kwana 90 ne, sai a Disamba 2006 aka mayar da shi shekara guda. Koke bai tsaya ba. A ranar 5 ga Yuli 2007, a makon da mu a Ghana muke fama da lissafin sabon sidi, ana cire sifiri huɗu daga tsohon kuɗi, Microsoft ya amsa cewa matsalar ta wuce misali. Ya tsawaita garanti zuwa shekara uku ga duk na'urar da ta nuna ja uku, ya ware tsakanin dala biliyan 1.05 da biliyan 1.15 don wannan aiki, ya kuma yi alkawarin mayar da kuɗi ga waɗanda suka riga suka biya gyara. Peter Moore, wanda ke jagorantar sashen Xbox a lokacin, ya ba da labari daga baya yadda ya je gaban shugaban kamfanin Steve Ballmer da wannan lissafi, aka amince masa nan take. Aka riƙa aika wa mutane kwali har gida, su sa na'ura a ciki, a ɗauka, a gyara ko a canza, a dawo da ita kyauta. Masu wasa suka sa wa kwalin suna akwatin gawa. Wani kamfanin sayar da garanti mai suna SquareTrade ya fitar da ƙididdiga a 2009 cewa kashi 23.7 cikin ɗari na Xbox 360 da ya bibiya sun samu matsala cikin shekara biyu, PlayStation 3 kashi 10, Wii ta Nintendo kashi 2.7.

Tawul, kwabo da tanda

Wanda garantinsa ya ƙare, ko ba ya son jiran makonni, sai ya koma intanet neman magani, a daidai lokacin da YouTube ke tasowa. Dabarar da ta fi shahara ita ce ta tawul: a nannaɗe na'ura da tawul biyu ko uku, a toshe duk kafofin iska, a kunna ta na wasu mintoci har ta yi zafi kamar dutsen guga, a kashe, a bar ta ta huce. Abin mamaki, sau da yawa sai koren haske ya dawo. Wasu suka buɗe ciki suka cire ƙarfen nan mai siffar X da ke riƙe da abin zuƙe zafi, suka ɗaure wurin da noti da wasa. Wasu suka naɗe kwabbai da salatif suka ɗora a kan sassan allon don su danne su. Masu ƙarfin hali suka sa allon gaba ɗaya a tandar gasa burodi, ko suka bi shi da na'urar busar da gashi.

Bayanin da ya yaɗu a lokacin shi ne cewa dalmar da ke manne ƙwaƙwalwar hoto da babban allo ce ta tsage, zafi kuma yana narkar da ita ta sake kamawa. An ɗora laifi a kan sabuwar dalma marar gubar darma da dokar Tarayyar Turai ta wajabta daga Yuli 2006. Amma zafin tawul bai kai ko kusa da abin da zai narkar da irin wannan dalma ba, wadda ke buƙatar fiye da digiri 200. Sai a Disamba 2021, cikin wani fim na tarihin Xbox da kamfanin ya fitar, injiniyoyinsa suka yi bayani a fili: tsagewar tana can cikin ƙwaƙwalwar hoton kanta, a ƙananan mahaɗan da ido ba ya gani, kuma abin da ke kawo ta shi ne yawan ɗaukar zafi da hucewa, kunnawa da kashewa, kaya na buɗewa suna tsukewa har mahaɗi ya karye. Tawul da tanda suna sa bakin karayar ya ɗan taɓa juna ne kawai, na kwanaki ko makonni. Kafin nan sun gasa sauran kayan da ke lafiya, kafasita sun kumbura, allo ya lanƙwashe. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Ciwon bai yi sauƙi sosai ba sai da aka sake ƙwaƙwalwar a samfurin ƙarshen 2008, sannan aka fito da siririyar Xbox 360 S a 2010.

PlayStation 3 ta farko ma ta yi nata, fitila ruwan ɗorawa da ke ƙyaftawa sau ɗaya na'ura ta mutu, kuma an bi ta da wuta kamar yadda aka bi 'yar'uwarta. Daga baya masu gyara suka gano cewa a wasu daga cikinsu kafasita ne suka gaji, ba ruwan dalma.

Yadda suka iso gare mu

Kwalin nan na kyauta bai taɓa zuwa Nima ko Aboabo ba. Na'urorinmu ta tashar jirgin ruwa ta Tema suke shigowa, cikin kwantenar kayan gwanjo, tare da firji da talabijin da tayoyi, ko cikin jakar ɗan'uwa da ya zo hutu. Kafin su iso garanti ya ƙare, ko kuma na wata ƙasa ne. Wata ma an riga an yi mata tawul a can, ta farfaɗo, aka yi maza aka sayar. Mai saye a nan ya gwada a shago ya ga kore, ya biya, bayan mako uku ja ya bayyana. Araha ba ta ado.

Sannan ƙasarmu ta ƙara musu nata nauyin. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Na'urori da yawa na wancan zamani ba sa ɗaukar duka biyun, kuma da yawanmu mun ga ranar da aka kawo tsaraba daga waje, doki ya hana a karanta rubutun da ke bayanta, aka soka a bango, aka ji ɗas, ƙauri ya tashi. Ga ƙurar hunturu da ke toshe kafofin iska, ga kyankyasai masu son ɗumin ciki, ga danshin teku a Akra, wadda iyayenmu ke kira Ankara. Ga kuma ɗauke wuta: a 2006 da 2007 ruwan madatsar Akosombo ya ja baya aka shiga rabon wuta, sannan dumsor ta zo ta yi tsanani a 2015, har ana kwana a wuni babu wuta kafin a kawo ta rabin yini. Na'urar da ciwonta kunnawa da kashewa ne ta faɗo ƙasar da wuta ke zuwa tana tafiya, wani lokaci ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima.

Abin da ya tsaya mana a matsayin garanti shi ne mai gyara. Mu jikokin mutanen da ba sa zubar da fasasshiyar ƙwarya ne, gyartai ake kira ya ɗinke ta. Masu gyaran rediyo da agogo na zango su suka koma gyaran bidiyo, yaransu suka koma gem da waya. A Tip Toe Lane da ke Circle, da Adum a Kumasi, akwai samarin da suka koyi aikin a gaban maigida shekara da shekaru, suna haɗa matattun na'urori uku su tayar da guda. Kayan gyara da yawa daga Agbogbloshie suke fitowa, kasuwar tsofaffin ƙarafa da 'yan arewacin ƙasar nan suka fi yawa a cikinta, kafin hukuma ta rushe ta a Yuli 2021. Duniya ta san wurin da hayaƙin ƙona waya da cutar da yake jawowa, kuma gaskiya ne. Amma daga nan ne kuma fanka da ido da akwatin wuta ke samun rai na biyu. Ko wannan hanya kamfanoni sun ƙuntata ta: a Xbox 360 da wasu na'urorin da suka biyo baya, an ɗaure sashen karanta faifai da babban allo ta hanyar lambar sirri, ba a ciro na wata a dasa wa wata haka kawai.

Haƙƙin buɗe abin da ka saya

A ƙasashen da ake ƙera na'urorin ma an fara tambayar me ya sa mutum ba zai gyara kayansa ba. A Afrilu 2018 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta rubuta wa kamfanoni shida, ciki har da Sony da Microsoft da Nintendo, cewa takardar nan da ake mannawa wai garanti ya ɓaci idan an ɓare ta ta saɓa wa wata dokar 1975. Nintendo Switch, wadda ta fito a Maris 2017, ta zo da nata ciwon: sandar fad ta riƙa motsa ɗan wasa ba wanda ya taɓa ta, saboda abin da ke cikinta yana gogewa yana cinyewa. An shigar da ƙara a 2019, kamfanin ya fara gyarawa kyauta a wasu ƙasashe, shugabansa Shuntaro Furukawa ya ba da haƙuri a 2020. Shafuka irin iFixit suna wallafa hotunan yadda ake kwance kowace na'ura daki-daki, kuma Microsoft ya fara sayar da wasu kayan gyara ga jama'a. Wannan ilimi ya iso wayar kowane yaro a zango, tare da tarin bidiyon tawul da tanda da har yau ba a goge ba.

Abin da za mu riƙe

Idan muka tattara wannan tarihi, gyaran gida ya kasu biyu. Akwai wanda kowa zai iya, kuma shi ne ya fi tsawaita ran na'ura. A karanta rubutun wuta da ke bayanta ko a jikin akwatin wutarta kafin a soka. Idan 120 kaɗai aka rubuta, a nemi taransifoma mai rage ƙarfi. A sa mata sitabilaiza, a zare ta daga bango idan an ɗauke wuta. A ɗaga ta daga ƙasa, kada a kulle ta cikin kabad ko a ɗora ta a kan katifa, a share kafofin iska da burushi mai laushi, a rufe ta da ƙyalle bayan ta huce. Bakin kaset da idon faifai, auduga da ɗan sifirit sun ishe su. Kafin a yanke hukuncin mutuwa a gwada wata waya, wani soket, wata talabijin, domin ja huɗu ba ja uku ba ne, kuma an sha kai lafiyayyar na'ura wurin gyara saboda waya. A kuma riƙa kwafe ajiyar wasanni a wani wuri tun da sauran lafiya.

Akwai kuma wanda aikin gwani ne: duk abin da ya shafi wuta a kan allo, da canza kafasita, da buɗe sashen wuta, wanda ke iya riƙe caji ya ja mutum ko bayan an zare shi. PlayStation 5 ma da narkakken ƙarfe ake sanyaya ƙwaƙwalwarta, ɗigo ɗaya ya zuba a kan allo ya isa ya ƙona ta. Idan aka kai wa mai gyara, a tambaye shi me ya gano da me zai canza. Wanda ya ce zai ɗan gasa ta kawai, a sani kwanaki ake saye. Mai sayen ta hannu kuma ya duba ko an taɓa kwance notinta, ya bar ta ta yi aiki awa guda a gabansa, ya nemi a ba shi kwanakin gwaji.

Ga 'yan'uwanmu masu sayarwa, kalma ɗaya: na'urar da aka farfaɗo da zafi, a faɗa wa mai saye gaskiya a rage masa kuɗi. Ɓoye aibin haja haramun ne a addininmu, kuma wanda zai saya wataƙila yaron maƙwabci ne da ya yi shekara yana tara kuɗin buɗe shago. Ga iyaye kuma, yaron da kuka ga yana kwance matacciyar na'ura don ya ga cikinta, a kai shi gaban maigidan da ya san aikin, ya koyi awon wuta da karatun allo. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mana jarinmu.